Busa Uku a Mashigi

Ran Laraba da safe ba abin da ya faru. Na fara da wannan ne saboda masu tambayata ko ba mu ga alama ba. Ba mu gani ba.

Ƙarfe shida da rabi Inna tana juya tarwaɗa a kan wutar banda. Hansai, matar yayana, tana daka da goyo a baya. Yaya Sale yana zaune bakin rumbu yana ɗinke komarsa ta kamun kifi, ya maƙale zaren a babban yatsan ƙafa. Ni ina wanke-wanke ina mita, don hayaƙin kifi ya kama mini rigar makaranta.

"Malama Dije," in ji shi, "duba mana abin hannun nan naki, ko lokacin yunwa ya yi."

"Kai cikinka ba ya neman agogo."

"Ashe dai kin san na fi Bature."

Agogon kyauta aka ba ni a makarantar 'yan mata a Kano, don na zo ta ɗaya a lissafi. Duk Marken Ruwa ba mai irinsa. Shi ya sa zan iya ba ku labarin nan da ƙarfe-ƙarfe. Abin da na iya ke nan a ranar: duba agogo.

Marken Ruwa ƙauyen masunta ne da manoman shinkafa, a kudancin kogi, tsakanin Haɗeja da Guri. Mahaifina shi ne Sarkin Ruwa Gambo. Ya fi shekara talatin yana raba rigimar masunta, yana buɗe su, wato kamun kifin gayya, yana tsamo wanda ruwa ya ci. Ya rasu damina biyu kafin zaɓen da ya jawo mana wannan fitina. Bai taɓa yankar katin jam'iyya ba.

Ya bar ƙaho. Ƙahon gwanki ne, baƙi, bakinsa ya yi santsi saboda daɗewa. Busa ɗaya mai tsawo, an buɗe su ke nan, kowa ya shiga tafki. Busa uku gajeru a jere, mutum na cikin ruwa. Wadda ta ji, wanda ya ji, zai ajiye duk abin da ke hannunsa. Namiji ya ɗauki igiya da gora, wato babban goran nan da masunta ke kifa ciki a kai su yi iyo, ya nufi inda ƙarar ta fito. Ba a tambaya wane ne. Ba a tambaya wa ya busa. Baba yakan ce mai tambaya a bakin ruwa gawa yake tsamowa. An taɓa yanke salla saboda busa uku, liman ne ma a gaba da gudu.

Jam'iyya biyu ne suka dame mu. 'Yan Tasha da 'yan Tsamiya muke ce musu, don waɗannan ofishinsu na tashar mota a Haɗeja, waɗancan kuma gindin tsamiya suke lacca. Dukansu ƙuri'ar masunta suke so, daga nan har Guri, kuma sun san sunan da ke buɗe ƙofar masunci. 'Yan Tsamiya suka ce Baba ya bar wasiyya a bi su. 'Yan Tasha suka buga takarda da maganar da suka ce ya yi a kan gadon mutuwa, har da mulkin kai a ciki. Ni aka kawo wa na karanta. Inna ce a kansa lokacin da ya cika. Kunu ya nema, bai ma sha ba.

Mu mata ba a ba mu ƙuri'a ba. Wahalarta kaɗai aka raba da mu.

Mako biyu kafin Larabar nan 'yan Tsamiya suka kafa tutarsu a kan zauren Baba. Baffa Maina, ƙanen Baba, shi ya yarda musu, wai ya ji nauyin hana baƙi. Yaya Sale ya ce a sauke. Baffa ya ce sauke tuta ya fi kafa ta tayar da fitina. Aka bar ta. Sai labari ya zo cewa 'yan Tasha za su zo su cire ta da hannunsu. Tun daga nan maza wajen ashirin suke wuni a ƙofar gari da sanduna, suna canji da masu yankan shinkafa.

Sakataren 'yan Tasha, Malam Iro, ya zo gidanmu sau biyar neman ƙahon. Mutum ne mai tsafta, da keke, da alƙalami biyu a aljihu. Sau biyar Inna tana amsa masa daga bayan zana da magana ɗaya: ƙaho ba na lacca ba ne.

Ran Larabar nan ƙarfe goma Inna ta tafi ta'aziyya ƙauyen gaba. Yaya yana fadama. Hansai ta kai masa abinci. Ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin na ji ƙararrawar keke.

"Su kun ba su zaure," in ji Malam Iro. "Mu ƙaho kawai muke roƙo, mu ɗaga a gaban jama'a gobe a Haɗeja. In an yi haka an yi raba-daidai, ba mai sake zuwa muku da zancen tuta. Juma'a da hantsi zan kawo shi da hannuna. Ke da kika yi karatu ai kin san ƙaho ƙaho ne."

Na gaji. Na gaji da sallamarsa, na gaji da maza na zaune da sanduna shinkafa na zubewa a gona. Na ce a raina, abin da manya suka yi wata suna ja, ni zan kashe shi a minti ɗaya. Na shiga ɗakin Inna na zaro ƙahon daga jakarsa ta fata.

"Ungo. Ɗagawa kawai. Kada wani sakarai a cikinku ya busa. Musamman sau uku."

"Sau uku me yake nufi?"

Na gaya masa. Duka na gaya masa, har da ajiye abin hannu. Da muryar da nake koya wa 'yan aji ɗaya na yi masa bayani, a hankali, don kada ya yi kuskure. Ya gyaɗa kai. Ya naɗe ƙahon a jarida ya ɗaure a bayan keke. Ni kuma na cusa tsumma a jakar na mayar da ita kan ƙusa.

Ban gaya wa kowa ba.

Ran Alhamis Yaya Sale ne da zaman ƙofar gari. Ƙarfe goma da minti goma ina tsintar shinkafa a faifai. Inna na ƙulla busasshen kifi. Sai ƙarar ta zo daga arewa, daga mashigi, inda ake ƙetare kogi zuwa hanyar Haɗeja. Ɗaya. Biyu. Uku. Ta tsaya. Ta sake.

Inna ta saki kifin. Ta shiga ɗaki. Na ji ta taɓa jakar. Ta fito ta dube ni.

Na fita da gudu ba mayafi.

Kafin in kai ƙofar gari sandunan suna zube a ƙasa kamar an sare kara. Sun ajiye gorar duka sun ɗauki goran ruwa. Maza na fitowa daga kowane lungu, igiya a kafaɗa. Masu yanka a gonakin kusa sun yar da lauje. Har Malam Audu mai ɗingishi yana jan ƙafa a bayansu da goransa.

"Ku tsaya! Ba kowa a ruwa! Ku koma ku ɗauki sanduna!"

Ba wanda ya ko waiwayo. Wa zai tsaya sauraron yarinya ana busa uku? Na tari Yaya Sale daidai bakin turba. Na riƙe igiyarsa.

"Yaya, ƙahon ba ya gida. Ni na ba 'yan Tasha jiya. Tarko ne."

Ya ji. Na ga ya ji, don fuskarsa ta canza. Ya dubi sandunan a baya. Ya dubi mashigi. Aka sake busawa.

"In kuma da mutum fa?"

Ya zare igiyar daga hannuna ya wuce. Maganarsa ta ƙarshe da ni ke nan.

Na bi su har kan jingar da ke tare ruwa daga gari. Daga can ana ganin mashigi sarai. Ruwa ya ja baya a lokacin, iyakarsa ƙirji a tsakiya. Babbar mota tana tsaye a wancan ƙetaren. Ba kwalekwale a kife. Ba kowa a ruwa. Yaya ne ya fara isa, kamar kullum. Bai tsaya ba. Ya faɗa kan goransa ya shiga tsakiya yana dube-dube, yana neman inda ruwa ke motsi.

Ƙarfe goma da minti goma sha takwas suka fito daga duhun giyayya, ta dama da ta hagu. Sun fi arba'in. Sanduna, adduna, wasu da sarƙar keke.

"Sai Gambo! Sai Gambo!"

Sunan ubana suke kira.

Abin da na fara ji ba ihun mutane ba ne. Ƙarar fashewar goruna ce. Fas. Fas. Fas. Mutanenmu ba abin da za su kare kai da shi sai gorunan. Bayan goran sai kai. Na ga Malam Audu ya durƙusa yana ɗaga igiya sama kamar za ta yi masa wani abu. Na ga Yaya ya juyo da sauri zuwa gaɓa. Ya miƙe, ruwa iya gwiwarsa. Mutum biyu suka shiga masa ta baya. Sanda ta sauka a ƙeyarsa. Ya faɗi da fuska. Goransa ya tafi shi kaɗai, yana juyawa a hankali.

Na jira wani ya shiga ya ɗago shi. Duk masu shiga suna kwance.

Tun da aka sassaƙa ƙahon nan, ranar ce kaɗai aka yi masa busa uku kafin mutum ya faɗa ruwa.

Suka hau turba suka nufo gari. Na juya.

Samarin 'yan Tsamiya biyar ne a zauren Baba suna gadin tuta. Da suka hango taron, su ma suka ɗauka. "Sai Gambo!" Daga cikin gida ba ka bambance wa ke zuwa, wa ke tarewa. Ƙarfe goma da minti ashirin da bakwai jinkar zaure ta kama. Ban san hannun da ya sa wutar ba. Har yau kowa na cewa ɗayan ne.

Inna ta riga ta yaga zanan baya da wuƙar kifi. Hansai na tsaye da 'yarta Ummi a hannu, 'yar wata huɗu.

"Ina Sale?" in ji Hansai.

Na buɗe baki.

"Fita," in ji Inna. "Ku fita. Kada wadda ta ɗauki komai."

Muka bi bayan gari zuwa kudu. Mata da yara ko'ina, kowa da inda ta nufa. Muka faɗa gonar shinkafar da ba a yanka ba, ruwa iya ƙwauri, laka har idon sawu. Inna ta danna kaina ƙasa. Muka kwanta. Ƙarfe sha ɗaya saura minti goma.

Awa uku muna nan. Matsattsaku suka kama mini cinya, ban iya cirewa ba. Hansai ta kwanta a gefe guda, ta ɗora Ummi kan hannunta sama da ruwa, ta sa mata nono a baki. Duk lokacin da ta saki sai ta mayar. Muna jin rumbuna na ci. Sabuwar shinkafa in tana ƙonewa ƙara take yi kamar ana soya gyaɗa. Wani jaki da aka bari a ɗaure ya yi ta kuka, sannan ya daina. Tsakanin wannan duka, sunan Baba.

Inna na kwance kumatunta a laka. Ta ce, ba da ni ba, "Ko ran jana'izarsa ba a kira shi haka ba."

Na matso kusa da kunnenta. Na ce ni ce. Na ce na ga Yaya ya faɗi.

"Yi shiru. Za a ji mu."

Ba ta sake tayar da maganar ba, ranar ko bayanta.

Ƙarfe ɗaya saura minti ashirin motar ta tashi a ƙetare. Muka ji ta har ta ɓace. Ba mu motsa ba. Ƙarfe biyu na miƙe zan koma mashigi, sai ga Iya Fanna, maƙwabciyarmu, tana ratsowa ta cikin shinkafa a sunkuye.

"Kada ku shiga gari," ta ce da Inna. "'Yan Tsamiya sun iso daga wajen Guri. An ce daga gidanku ƙaho ya fita. An ce kun sayar da gari. Samari na nemanku, har da 'ya'yan waɗanda aka sara."

"Ɗana fa?"

"Ba a gan shi ba tukuna. Ku dai tafi."

Inna ba ta kama sunansa ba ko a nan. Ɗan fari ne.

Muka nufi yamma ta cikin fadama, muna kauce wa turba. Takalmina ya tsaya a laka tun farko. Ƙarfe uku da kwata muka fito bakin kogi, can sama da mashigi, inda ruwa ke da zurfi. Akwai bukkar wani masunci, ba kowa. Gora biyu a jingine, da masaki, babbar ƙwaryar da ake zuba kifi. Inna ta shimfiɗa ɗankwalinta a masakin ta kwantar da Ummi. Hansai ta hau gora ɗaya tana tura masakin da goshi. Inna ta ba ni ɗayan. Ita ta ce za ta yi iyo.

'Yar Sarkin Ruwa ce ni. Shekara bakwai ina Kano. Na manta yadda ake kwanciya a kan gora. Daidai tsakiya ya suɓuce daga ƙarƙashina. Na sha ruwa. Na sake sha. Hannu ya kama kitsona ya ja. Tsohuwa mai shekara kusan sittin, ta ja ni har gaɓa kamar akuya.

Da na gama amai na duba agogo. Ruwa ya shiga. Ya tsaya a uku da minti talatin da biyar. Daga nan ba ni da sa'ar da zan ba ku.

Wata Bafilatana a ruga ta gan mu, ba ta tambaye mu komai ba. Ta ba mu nono a ƙwarya ɗaya muka zagaya. Ta ba ni tsohon zane na rufe kaina. Ta ɗebo toka ta shafa mini inda matsattsaku suka ci. Muka ci gaba. Ƙaya a ƙafa, Ummi na kuka, Hansai na waiwaye duk taku goma. Rana na bayan itatuwa muka hango ganuwar Haɗeja.

Gidan Gwaggo, yayar Baba, sai an bi ta gefen tasha. Taro ya cika wurin. An sa lasifika a kan mota. Motar na santa, akwai lakar mashigi a tayoyinta. Malam Iro na tsaye a bayanta cikin farar riga, ko ɗigo babu. Ya ɗaga hannu sama.

"Ga amanar Sarkin Ruwa Gambo! Iyalansa ne suka ba mu da hannunsu!"

Aka yi tafi. Aka buga kalangu.

Bai yi ƙarya ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Na cika ƙirji zan yi magana. Inna ta damƙe wuyan hannuna daidai kan agogon, har ƙarfen ya shiga nama.

"Wuce."

Na wuce. Ana kiran magariba muka yi sallama a gidan Gwaggo.

Juma'a da hantsi ba wanda ya kawo ƙaho.

Ran Asabar Baffa Maina ya aiko. An ga Yaya Sale ƙasa da mashigi, bayan lanƙwasar kogi ta biyu, saiwar giyayya ta riƙe shi. Igiyar na kafaɗarsa, ba a warware ba. An binne shi kusa da Baba ba tare da mu ba. Malam Audu ya cika ran Juma'a. Ɗan Iya Fanna na biyu ya bi shi ran Lahadi. Ita ce ta ratso shinkafa ta gargaɗe mu, ɗanta na kwance da kai a fashe.

Na rubuta takarda, da Hausa da Turanci, na sa ƙarfe-ƙarfe da abin da na gani. Na kai ofishin da aka nuna mini. Akawun ya karanta har ƙasa. Ya yaba rubutuna. Sannan ya tambaye ni gidanmu 'yan wace jam'iyya ne. Na ce ba kowace. Ya ce to ai da wuya ke nan, ya sa takardar a ƙarƙashin wasu.

Kafin ranar zaɓe sabuwar takarda ta fito. 'Yan Tsamiya suka buga sunan Yaya Sale a ƙarƙashin na Baba, wai ya mutu yana kare tutarsu. Da 'yan Tasha suka gani, suka ce nasu ne, ƙahonsu ya amsa. Gwaggo ta hana a shigo da takardun gida. Aka yi zaɓe. Ɗaya ta ci. Ba mu koma Marken Ruwa ba. Hansai ta gama takaba ta tafi gidansu da Ummi. Inna na sayar da dafaffen kifi a ƙofar Gwaggo, kifin da wasu suka kama. Tana yi mini magana kamar da: ɗauko, ajiye, ci abinci. Da ta zage ni sau ɗaya da na fi so.

Da damina ta dawo kogi ya cika. Wata ranar kasuwa kwalekwale ya kife a mashigi. Mai fito yana da ƙahon bijimi da ya sassaƙa da kansa. Ya busa uku. Ya sake. Iya Fanna ce ta ba ni labarin da ta zo gari. Ta ce maza sun fito, amma a ƙofar gida suka tsaya. Suka dubi juna. Wani ya tambaya wa ke busawa. Wasu suka koma ciki neman sanda. Wani ya hau jinga ya leƙa tukuna. Da suka tabbata, suka ruga, kuma sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Sun tsamo mutum tara da rai. Mata biyu masu tallan daddawa sai washegari aka tsamo gawarsu.

An ce mutum uku aka rasa a rikicin Marken Ruwa, da zaure, da rumbuna. Ni biyar nake ƙirgawa. Ni ce na zo ta ɗaya a lissafi.